Hular Rantsuwar Malam Sada

Ku samarin nan da kuke zuwa ku cika mani benci kuna cewa wankin hula ba sana'a ba ce, wai ruwa ne kawai da sabulu da rana, ku gyara zama. Sunana Rabe, mutumin Karofi ne ni, amma shekara talatin da ɗoriya ke nan ina cikin wannan rumfa a Dutsin-Ma, bakin titin da ya nufi Kurfi. Jiya ma ina jin ku kuna gardama a kan albashin manyan gwamnatin jiha, wannan na cewa kaza suke ɗauka, wancan na rantsuwa ya ninka haka. Babu ɗayanku da ya taɓa gani da idonsa. Ni kuwa na gani, kuma hula ce ta kai ni. Amma sai kun fara jin aikin tukuna.

Hula ta farko da na taɓa wankewa ta maigidana ce, Baba Dikko, Allah ya jiƙansa. Kafin ya miƙo mani ita sai da na shekara cur ina ɗebo ruwa, ina hura gawayi, ina goge katako. Tsohuwar ƙube ce, ta sha zufa har bakinta ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Na zage na dirje ta da burushi mai ƙarfi, na shanya, na kawo mashi ina washe baki. Ya juya ta, ya ɗaga ta saitin rana, sai ga zare duk ya mimmiƙe kamar gashin magen da ta ga kare.

Ya ce, "Rabe, wanki na sa ka ko susa?"

Ranar ya nuna mani burushi uku ne. Mai ƙarfi na cikin hula, inda zufa da man kai suke taruwa. Matsakaici na baki. Mai laushi kuwa, wanda bai fi na goge haƙori ba, shi kaɗai ke taɓa fuskar ɗinki, kuma bin zare ake yi da shi, ba a tare mashi hanya. Sannan ya ba ni dokar da ya ce ta fi duk sauran: kowace hula, ko ta ubanka ce, ka jiƙa farin ƙyalle ka danna a cikinta tukuna. In ƙyallen ya ɗauko launi, zaren mai zuba ne, sai ka san irin ruwan da za ka ba ta.

Ku dubi katakan nan da ke jere a bayana. Kowane da girman kansa, daga na yaro har na mutumin da in ya shigo sai ka ce tulu aka ɗora mashi. A kansu ake ɗora hula tana da danshi, a ja ta, a daidaita ta, ta bushe a tsaye. Ka ɗora ta a kan wanda ya fi ta, ta buɗe ke nan har abada, mai ita ya sa ta faɗo mashi kan kunne. Sitaci kuma na rogo muke damawa, kuma damun ba ɗaya ba ne: zanna tana son shi da kauri don ta tsaya ƙyam, damanga ruwa-ruwa take so, in ka cika mata sai ta karye a wurin kari. Dutsen guga na gawayi ne, nauyinsa ake so ba zafinsa kaɗai ba. Sai ɗan kyandir da ake shafawa a ƙasan dutsen don hula ta yi sheƙi. Wannan duka hannu ke sani. Ba a rubuta shi.

To, ga inda albashi ya shigo. Wannan gari na 'yan kasuwa ne da manoma, amma mai wankin hula da ma'aikacin gwamnati yake rayuwa. Manomi hularsa ɗaya, sai Sallah ta matso ya tuna da ni. Ɗan kasuwa Juma'a zuwa Juma'a. Ma'aikaci kuwa kullum sai ya sa, don ba ya shiga ofis da kai a buɗe. Saboda haka ba na bukatar kalanda. In wata ya kai ashirin, igiyar shanyata sai ta zama kamar gonar da aka girbe. Ran da albashi ya shiga kuwa, kafin la'asar za ka ga babura na tsayawa, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masinjoji, kowa da 'yar ledarsa. Wanda ke ƙaramin mataki hula ɗaya yake kawowa, ya tsaya a wanke ya tafi da abarsa. Na tsakiya uku ko huɗu. Wanda ya kai darakta direba yake aikowa da jaka.

Malam Sada cikin masu hula ɗaya na fara saninsa. Ɗan Ɗantutture ne ta ƙasar Kurfi, malamin gona, yana yawo ƙauyuka a kan wani tsohon babur yana koya wa mutane feshin wake. Ranar Laraba, in ya shigo kasuwa, sai ya cire hular ya miƙo mani, ya ɗaura rawanin ƙyalle ya zauna nan inda kuke, muna hira har ta bushe. Mutum ne mai dariya, kuma bai taɓa cewa in rage mashi ba. Shekaru na tafiya yana hawa. Hula ta zama biyu, ta zama biyar. Aka mai da shi Katsina, aka ba shi mataimakin darakta, aka ba shi darakta, amma duk Asabar in zai wuce gida sai ya ratso ya ajiye mani. Na taɓa ce mashi, "Malam, duk masu wankin da ke birni?" Ya ce, "Su ba su san kaina ba."

Wata Litinin cikin damina, ina tsaka da dama sitaci, sai rediyon mai shayi ya faɗi sunayen sababbin manyan sakatarori, su ne ke riƙe da ma'aikatu a ƙarƙashin kwamishinoni. Sai ga sunan Malam Sada! Wallahi cokalin ya faɗi daga hannuna. Layin nan kaf ya ɗauki sowa, mai faci na buga ƙarfe, masu babura na danna oda, kai ka ce ɗan gidanmu ne aka ba. Za a rantsar da su ranar Laraba da hantsi.

Talata da safe sai ga motarsa. Ya fito da kansa, riƙe da wani ƙullin zane. Na durƙusa zan yi gaisuwa, ya kama hannuna ya ce, "Tashi, Rabe, ba a rantsar ba tukuna." Ya kwance ƙullin. Hula ce sabuwa, ɗinkin hannu, farar ƙasa da ja da baƙin zare. Ya ce yayarsa ce, Yaya Hajara, ta ɗinka a Ɗantutture. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da kuɗin ɗinkin hula ta saya mashi littattafai. Wata bakwai ta yi a kan wannan, ga ido ya fara rauni, tana cewa ta ranar da Allah zai ɗaga shi ce. Zaman hannu ya sa ta yi dauɗa.

Ya ce, "An kawo mani huluna masu tsada sun fi goma tun jiya. Wannan zan sa. Zan wuce Katsina yanzu, gobe da sassafe direba zai zo ya karɓa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Kun ga murna? Ita ta kusa kashe mani sana'a. Mutane sun cika rumfa ana ta labari, ni ma bakina bai rufu ba, ina ba da tarihin babur ɗinsa. Na ɗauki hular nan na tsoma a baho. Ban danna ƙyalle ba. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa tsallake dokar Baba Dikko ba sai ranar. Da na waiwaya, ruwan ya koma kamar zoɓo. Na fizgo ta, farar ƙasar nan duk ta yi jaja-jaja.

Alhaji Mannir, dillalin hatsi da shagonsa ke kallon nawa, ya leƙo ya ce, "Inna lillahi! Rabe, ka rufe rumfa ka koma Karofi noman wake, shi ya fi maka."

Na kori kowa. Na ɗebo ruwan randa mai sanyi na zuba gishiri, na yi ta ɗauraya ina zubarwa har sau tara, sai da jan zaren ya gama fitar da abin da zai fitar. Saura tabon da ya kama fari. Na aika aka sayo lemun tsami da ruwan bilic, na sirka shi sosai, don in ya yi ƙarfi zai cinye har baƙin zaren. Na naɗa auduga a kan tsinken ashana. Da wannan tsinken na bi hular nan gida-gida, in ɗiga a kan fari, in bi da ruwa nan take, in danne da ƙyalle, ba tare da na taɓa ja ko baƙi ba. Ku ƙirga gidajen da ke jikin hula ɗaya in kuna iyawa. Tun hantsi nake duƙe, salla kaɗai ke tashe ni, har la'asar sakaliya. Wuyana ya ƙage, idona na ruwa. Amma fari ya dawo fari.

Sai kuma hadari ya haɗo daga gabas, rana ta ɓace. Hula jiƙaƙƙiya, ga sitaci ban sa ba. Na ba ta sitaci, na ɗora ta a katakonsa, wanda na daɗe da sanin shi ne daidai kansa, na hura gawayi a kasko, na kafa ta nesa kaɗan ina juyawa kamar mai gasa masara. In ta matsa kusa hayaƙi ya ɓata ta, in ta yi nisa ba za ta bushe ba. Kafin magariba ta bushe ƙarau. Na goge ta ciki da waje. Da na ɗaga ta, Alhaji Mannir ya tsallako titi cikin yayyafi, ya karɓa, ya juya, ya juya, ya ce, "Kai, ɗan nan, kai maye ne."

Da safe ban ba direba ita ba, shiga motar na yi. Muka bi ta Kurfi, hular na kan cinyata cikin kwali, duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga ta sama. A gidansa na Katsina na same shi ya sha farar babbar riga. Na faɗa mashi duk abin da ya faru, ban ɓoye komai ba. Ya saurara, ya duba hular, ya sa, ya kalli madubi, sai ya fashe da dariya.

Ya ce, "Da ka yi shiru wa zai sani?"

Na ce, "Mutum ashirin sun gani, ranka ya daɗe. Kafin azahar labari zai iso."

Ya ce in shiga mota mu tafi tare. Ni Rabe, da silifas ɗina, na zauna can baya a zauren rantsuwa, ina hango hular Yaya Hajara a gaba tana ɗaukar ido lokacin da ya ɗaga Alƙur'ani. Kowa na kallon mutane, ni huluna nake kallo. Kai, na ga huluna ranar! Na ga kuma ɓarnar masu wanki, wata an cika mata sitaci ta yi fari-fari, wata an ƙone mata baki. Bayan an tashi, abokan aikinsa biyu suka tambaye shi inda ake mashi wanki, ya nuno ni da yatsa. Daga wannan makon jakunkuna suka fara zuwa mani daga Katsina a motar haya.

Yanzu ga abin da kuke jira. Tun da aka naɗa shi, babu zancen da ake a bencin nan sai na albashinsa. Alhaji Mannir ya ce shi ya sani, a buhu ake kai masu. Wani ya ce albashin wata guda zai sayi gida a bakin kasuwa. Ƙofar gidansu a Ɗantutture kuwa, in ya zo Asabar, sai ka ce ana rabon taki: mai takardar asibiti, mai neman aiki, mai bikin ɗiya, mai rufin ɗaki da ya faɗi.

Wata Asabar ya tsaya karɓar huluna, ya zauna shan shayi. Alhaji Mannir, da yake ba ya da kunyar tambaya, ya ce, "Yallaɓai, don Allah raba mu da gardama. Nawa gwamnati ke biyanku a wata?"

Na ce a raina yau za a yi ta. Sai Malam Sada ya yi murmushi, ya ciro waya, ya nemo saƙon banki na ƙarshen wata, ya miƙa mashi. Ya ce, "Ga shi nan, albashi da alawus duka, bayan an cire haraji da sauran abin da ake cirewa."

Alhaji Mannir ya sa tabarau. Ya bi lambobin da yatsa. Ya sake bi. Ya ɗago ya ce, "Wannan na sati ne?"

Benci ya kwashe da dariya. Malam Sada ya ce, "Na wata ne, Alhaji."

"To ai ni in kasuwar wake ta yi kyau, Laraba biyu..." Sai Alhaji Mannir ya mai da tabarau aljihu.

Akwai wani malamin firamare a wurin, yana jiran hularsa ta bushe. Shi ma ya leƙa. Ya ce, "Alhaji, kai ka raina. Ni kuwa sai na haɗa watanni ban ci ban sha ba kafin in ga wannan."

Malam Sada ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Ni ma na yi zamani a inda kake, ban manta ba. Ba zan ce kaɗan ne ba, ga mota ga direba. Amma ba buhu ba ne. Kuma duk wanda ya tsaya a ƙofata, buhun yake hange."

Alhaji Mannir bai haƙura ba. Ya ce, "To masu gina benaye fa, a ina suke samu?"

Malam Sada ya ce, "Wannan tambayar su za ka kai wa. Ni nawa na nuna maka."

Ni ma na ga lambar, don a hannuna wayar ta biyo kafin ta koma. Kada ku tambaye ni, ba zan faɗa ba, sirrin mai hula ne. Abin da zan ce kawai, duk lissafin da na ji kuna yi jiya, ba wanda ya faɗa kusa.

Mummunar shekara kuwa ita ce ta korona. Ba na fatan ku ga irinta. Aka rufe ofisoshi da makarantu, aka hana taron biki, har Juma'a aka dakatar na wani lokaci. Wa zai sa hula yana zaune a ɗaki? Sai in buɗe rumfa in wuni ban jiƙa burushi ba. Sitacin da na dama ya yi tsami na zubar. Wani mai wanki daga Kurfi ya zo ya taya katakaina, waɗanda na gada daga Baba Dikko, har na ce mashi ya dawo Laraba.

Kafin Larabar sai ga direban Malam Sada da jaka, hula goma sha biyu, da kuɗin wanki a ambulan. Na zazzage su. Na shinshina ɗaya, na duba bakin wata. Karin gugata na nan yadda na yi shi. Ko sau ɗaya ba a sa su ba. Na kira shi a waya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hulunan nan ai wankakku ne."

Ya ce, "Rabe, kai ne mai wanki ko ni?"

"Ni ne."

"To ni ne mai kai, kuma na ce sun yi dauɗa. Ka wanke."

Na wanke su kuwa, ɗaya bayan ɗaya, da ƙyallen gwaji da komai, kamar daga gona aka kwaso su. Bayan sati biyu wata jakar ta zo, har da na abokan aikinsa. Haka muka yi har aka buɗe gari. Mutumin Kurfi ya dawo, na ba shi shayi na sallame shi.

Bara waccan Malam Sada ya yi ritaya. Aka karɓi mota, direba ya koma ma'aikata. Na ji shiru wata biyu ba jaka, sai na hau babur na nufi Ɗantutture. Ƙofar gidan da nake gani cike, akuya ce kwance a wurin. Aka ce yana gona. Na same shi tsakiyar wake, wando a naɗe, yana nuna wa maƙwabcinsa ganyen da tsutsa ta ci. A kansa kuwa malfa ce, irin ta kaba, mai faɗi.

Na tsaya na riƙe baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuma fa?"

Ya taɓa ta, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wannan ba ta son sitaci, Rabe. Ka yi hasarar mai kawo maka aiki."

Na ce, "Wallahi na yi."

Ya sa aka cika mani buhu da ɗanyen wake, ya ɗaura mani a bayan babur da hannunsa. Har na tayar, sai ya ce in tsaya. Ya ce, "In matasa sun zo koyon aiki wurinka, ka karɓe su. Kujera tawa shekara kaɗan na yi a kanta aka ce in tashi. Kai wa zai ce ka tashi?"

Shi ya sa ban kore ku daga bencin nan ba. Wanda ke so, ga bokiti can, rijiya na bayan masallaci. A fara da ruwa.